Na samu abin da na roƙa, amma farin ciki ya ƙi zuwa

Maman Uku: Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Shekaruna 43, malamar firamare ce ni a Kaduna, kuma ma'ajiya a Zumuntar Mata. Shekara tara ni da maigidana muna gini a bayan Sabon Tasha. Filin ma da kuɗin adashe biyu muka saya. Muka zuba harsashi, kuɗi suka ƙare, ciyawa ta rufe wurin har damina biyu. Muka buga bulo, ruwa ya cinye kusan rabi. Magini na farko ya karkatar da bangon falo, sai da aka rushe. Ginin ya kai linta ke nan aka cire tallafin mai a 2023, komai ya tashi, na sayar da keken ɗinkina kafin muka sa kwano. Duk tsawon lokacin nan addu'ata ɗaya ce: Ubangiji ka fitar da mu daga haya. Ya kuwa ji. Mun tare kafin Kirsimetin bara, muka yi godiya a coci, mata suka buga tulu, na yi rawa har ɗankwalina ya faɗi.

Tun daga ranar nan zuciyata ta zama kamar an share ɗaki an kwashe kaya. Ina farkawa ƙarfe uku na dare in zauna a falon da na yi shekara tara ina mafarkinsa, ba na jin komai. Ina zuwa sujada, bakina yana waƙa, cikina shiru. Ga kuma maganar ƙanwata, amma wannan daban ne. Tambayata: mene ne farin cikin da ake ce mai bi yana da shi? Ko dai ban taɓa samunsa ba ne, buri ne kawai yake riƙe da ni? Kunya ta hana ni faɗa wa Fasto.

Dattijon Ikilisiya: 'Yata, amsarki tana cikin tambayarki. Kin haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: jin daɗi da farin ciki. Jin daɗi daga waje yake shigowa, daga tuwo mai kyau, albashi, sabon gida, kuma ta ƙofar da ya shigo ta nan yake fita. Farin ciki kuwa Galatiyawa 5:22 ta lissafa shi cikin abin da Ruhu yake haifarwa, kusa da ƙauna da salama. Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa, amma a sura 4 aya 4 sau biyu ya umarce su su yi farin ciki da Ubangiji. Umarni ne fa, ba shawara ba. Shi da Sila an yi musu bulala a Filibi, an sa ƙafafunsu a turu, tsakar dare suna waƙa. Wane gida gare su? Ke kin mai da bulo da kwano gunki, shekara tara kina masa sujada, yanzu kin ga gunki ba ya magana. Sulemanu ya riga ki: Mai Hadishi sura 2, ya gina gidaje, ya dasa gonakin inabi, ya haƙa tafkuna, ya waiwaya ya ce harbin iska ne. Ki tuba, ki koma ga ƙaunarki ta fari. Shekara 26 ina dattijo, na ga irin wannan ba iyaka.

Maman Uku: Baba, na gode, amma gunki ya yi nauyi. Ban taɓa fasa zakka ba ko a shekarar da muke cin tuwo da miyar kuka ba nama. Neman wurin da yarana za su kwana ba mai gida yana buga ƙofa ba, shi ne bautar gunki?

'Yar Sarkin Sarakuna: Mama, ni ban yarda da maganar tuba ba, wannan hari ne. Kin binciki tarihin filin nan kafin ku saya? Akwai waɗanda ba su so ku gama ba. Ki ɗauki azumin kwana uku, ki kira masu addu'a su zagaya gidan da mai, kusurwa huɗu. Ɗan Allah ba ya zama cikin baƙin ciki. Ni da na shiga sabon shago haka na riƙa jin nauyi, ashe maƙwabciyata ce. Har yau ba ta gaishe ni, kuma a coci ɗaya muke, tana gaba-gaba wajen ɗaga hannu.

Ɗan Gudun Hijira: Ku yi mini afuwa, na karanta wannan sai da na ajiye waya. Mu tun Satumbar 2014 muka baro Michika da kayan jikinmu. A wata na gaba har hedkwatar cocinmu, EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya), da ke Kwarhi aka kama, shugabanninmu suka koma Jos. Yau fiye da shekara goma ina ɗaki biyu na haya da yara biyar da tsohuwata. Gidan da na gina da hannuna ya zama toka. Ke kina da falo kina zama a ciki ƙarfe uku na dare. Ban ce ba ki da damuwa ba, amma wani na neman ruwan sha wani na kukan ruwa ya yi masa sanyi. Abin da ya riƙe ni Habakuk 3:17-18 ne, ko ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya ƙare, duk da haka. Sai dai gaskiya, akwai ranakun da nake karanta shi kamar mai haɗiyar magani. Kuma kayan agajin da aka yi ta tarawa da sunanmu, bari in yi shiru.

Maman Uku: Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da ninki. Abin da ka faɗa shi nake faɗa wa kaina kullum, shi ne ma yake ƙara mini nauyi. Na san ba ni da hujja.

Nas Mai Ritaya: Ƙanwata, kafin a kai ga gunki ko maƙiya, ina da tambayoyi. Kina cin abinci? Kin rame? Wata nawa kina wannan farkawar? Abin da a da yake miki daɗi, yanzu fa? Farkawa da tsakar dare da mutuwar sha'awar komai, idan suka wuce sati biyu, mu a asibiti muna duba ciwon damuwa, kuma yana da magani kamar hawan jini. Ki je a gwada jininki, ki kuma faɗa wa likita abin da kika faɗa mana. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan Barnawa, kusa da ke, zuwa can ba hauka ba ne. Ki duba 1 Sarakuna 19. Iliya bai karaya lokacin gwagwarmaya ba, sai bayan nasarar Dutsen Karmel, wuta ta riga ta sauko, sannan ya gudu jeji ya roƙi mutuwa. Allah bai ce masa ya tuba ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwanciya, aka sake ciyar da shi. Magana sai a Horeb, bayan kwana arba'in. Azumin kwana uku ga macen da ba ta barci, ni dai ban ba da shawara ba.

Dattijon Ikilisiya: Ga irinta nan. Yanzu kowane abu na ruhu sai a kai shi asibiti. Iyayenmu da suka karɓi bishara, aka kore su daga gida, aka hana su mata, wane likita suka gani? Nehemiya 8:10 ta ce farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinmu. Ƙwaya ba ta ba da wannan.

Nas Mai Ritaya: Baba, da girmamawa, maganin sukarin da ake sha kullum ma ba ya ba da rai madawwami, amma ba mu ce a daina ba.

Malamin Makarantar Lahadi: Baba ya yi gaskiya a rabi. Agustin, bishop na Hippo a arewacin Afirka, ya faɗi tun kusan shekara ta 400 cewa Allah ya yi mu domin kansa, zuciya ba ta hutawa sai a wurinsa, don haka gida ba zai cika wannan ramin ba. Inda na rabu da Baba shi ne cewa rashin jin murna zunubi ne. Bulus ɗin nan ya ce da kansa a 2 Korantiyawa 6:10 suna baƙin ciki amma kullum suna farin ciki, biyun a zuciya ɗaya. Zabura 88 daga farko har ƙarshe kuka ce, a duhu ta ƙare, kuma ba a cire ta daga Littafi ba. Yesu ya sa masu makoki cikin masu albarka, ya kuma yi kuka a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Ni a fahimtata farin cikin mai bi ya fi kama da rijiya a rani, sama ƙura, ruwan yana can ƙasa. Amma Mama, kin ba mu labarin bulo dalla-dalla, kin wuce maganar ƙanwarki da layi ɗaya. Me ya faru?

Maman Uku: Malam, na ce wannan daban ne. Ta nemi rance lokacin da mijinta yake kwance, mu kuma kuɗin kwano ne a hannunmu, damina ta kawo kai. Na ba ta abin da zan iya. Ba ni na kashe shi ba, ciwon ya riga ya yi nisa, likitoci ma sun faɗa. Ba ta zo godiyarmu ba, ni ma ban matsa mata ba. Kowa ya san halinta tun muna yara.

Dattijon Ikilisiya: To ai ga shi. Matiyu 5:23-24. Ki bar baikonki a gaban bagade, ki je ki shirya da 'yar'uwarki tukuna. Na faɗa tun farko abin na ruhu ne.

'Yar Sarkin Sarakuna: Baba, a'a. Ta je ta durƙusa wa wadda wataƙila ita ce ta ɗaure ta? Ku yi hankali da dangi.

Uwar Zumunta: Haba 'yata, gwauruwa mai makoki kike kira mayya? Ki ji tsoron Allah. Maman Uku, ni ba zan ce kin yi laifi ko ba ki yi ba, ban san nawa ta nema ba, ban san nawa kika bayar ba. Na dai san idan ruwan sama ya sauka a kan kwanon nan kina jin ƙararsa. Ki dafa abinci ki kai mata, kada ki je da bayani. Mu namu a zumunta, mace ta rasa miji mu je sati ɗaya da waƙa da kuka, bayan nan ko leƙe. Ni da nawa ya rasu, wata uku ban ga ƙafar kowa ba sai masu karɓar kuɗin zanen taro.

Maman Uku: Mama, na kira ta sau biyu a watan Janairu ba ta ɗauka ba. Ni ce babba, ni kuma zan yi ta bin ta? Kuma da ba mu sa kwanon ba, da ginin ya zube, shekara tara ta tafi a banza, maigidana ma ba zai yarda ba. Ni tambayar da na yi a kan farin ciki ce, an mayar da ita shari'a.

Ɗan Gudun Hijira: Da ina da ƙanwa a raye da ƙafa zan je.

Nas Mai Ritaya: Har yanzu ba ki amsa mini maganar barci da abinci ba.

Maman Uku: Zan duba maganar asibitin idan an yi hutun makaranta. Azumin kuma zan gwada na kwana ɗaya. Don Allah wanda ya gane ni a nan kada ya kai maganar coci, Lahadi mai zuwa ni ke ba da rahoton kuɗi.

Dattijon Ikilisiya: Azumi ba tare da sulhu ba yunwa ce kawai. Ki karanta Ishaya 58 ki dawo mu yi magana.