Ciwon wuyan hannu a kan keke: laifin kan keken ne ko na sirdi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na fara zuwa wurin aiki a kan keke, tafiyar kamar minti 40 zuwa, 40 dawowa. Kafin in kai rabin hanya wuyan hannuna na dama yake fara ciwo, daga nan ƙaramin yatsa da na kusa da shi su mutu, kuma ko na sauka sai sun ɗauki lokaci kafin su dawo daidai. Kan keken miƙaƙƙe ne. Na sayi safar hannu mai soso, amma sauƙin da na samu kaɗan ne. Shin canza kan keken ya kamata in yi?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar sayen komai. Yatsun da ka ambata sun nuna inda matsalar take: akwai jijiya da ta gangaro daga gwiwar hannu ta ratsa gindin tafin hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa, kuma ita ce nauyin jikinka yake dannewa a kan ƙarfe. Da babban yatsa da manuni da na tsakiya ne suke mutuwa, da sai a ce jijiyar da ta bi ta tsakiyar wuyan hannu ce.

Abin dubawa shi ne dalilin da ya sa nauyi mai yawa yake sauka a hannunka, kuma sau da yawa daga sirdi ne. Idan bakinsa ya sunkuya ƙasa, jiki zai riƙa zamewa gaba, hannuwa kuma su zama su ne suke tokare shi tsawon tafiyar ba tare da mutum ya lura ba. Haka nan idan sirdin ya matsa gaba da yawa, ko ya fi kan keken tsayi sosai. Ka tsayar da keken a daidaitaccen wuri, ka ɗora katako a kan sirdin ka ga ko ya kwanta daidai, bai karkata gaba ko baya ba. Game da tsayi, ka ɗora dunduniyarka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa, da milimita kaɗan, ka yi kwana biyu kana gwadawa, domin idan ka taɓa komai a lokaci guda ba za ka san wanda ya yi amfani ba.

Amsa ta biyu:
Na yarda da Malam, sai dai ni nawa ciwon daga hannun birki ya fito. An ɗaure shi yana kallon gaba, saboda haka dole in lanƙwasa wuyan hannu baya kafin in kai gare shi. Da na sassauta shi na sunkuyar da shi ƙasa har wuyan hannuna ya miƙe daidai da damtsena, ciwon ya ragu ƙwarai. Ka kuma saki gwiwar hannunka ta ɗan tanƙwaru, ka rage damƙar kan keken da ƙarfi, sannan ka duba iskar tayar gaba, don idan ta cika fiye da kima duk gargadar hanya a hannunka za ta ƙare.

Amsa ta uku:
Maganar da ta fi damuna ita ce cewa yatsun ba sa farfaɗowa nan take. Idan mutuwar ta fara wuce kwanaki, ko ka ga ƙarfin hannun ya ragu har riƙe mabuɗi ko ɓalla maɓallin riga yana yi maka wuya, ka ajiye keken ka ga likita.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, 'yan'uwa. Na duba ɗazu, lallai bakin sirdin a sunkuye yake. Na daidaita shi, birki kuma sai na ga yadda tafiyar gobe da jibi ta kasance kafin in taɓa shi.