Wai "déduction" mi za mu ce mata da Hausa?

Mai sono, Zariya:
Salamu alaikum jama'a, daga unguwar Zariya ta Maraɗi. Muna haɗa ɗan bayani da Hausa kan sha'anin lampo don makaɗa da mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo na nan Maraɗi, sai muka zo kan kalmar nan ta Faransanci "déduction" muka cije. Abin nufi dai kuɗin da ka kashe don sana'a, hayar sono (kayan sauti), man mota zuwa biki Tasawa ko Madarunfa, kuɗin sutudiyo a Kano, fatar kalangu, rabon 'yan amshi, duk a cire su daga abin da ka samu kafin DGI, hukumar lampo, ta lissafa nata. Ni dai rangwame na rubuta amma raina bai kwanta ba.

Akawu, Ali Ɗan Sofo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Don Allah goge rangwame ɗin nan tun kafin ya jawo maka rigima. Rangwame alfarma ce, mai kaya ya ga dama ya rage maka, wannan kuwa haƙƙinka ne, tunda wannan lampon kan riba yake hawa ba kan duk abin da ya shigo aljihu ba. Kuma in ka ce rangwame mutane za su ɗauka daga lampon kansa ake ragewa. A ce ka samu jikka 300 a biki, ka kashe jikka 100, to kan jikka 200 za a ɗora lampon, in a ce kashi 30 cikin 100 ne, ka biya 60 maimakon 90. Ka ga jikka 100 da ka kashe 30 kawai ta sauƙaƙa maka, ba wanda zai maido maka ɗarinka.

Zabiya:
To ku ce yafiya mana, ko sassauci

Akawu, Ali Ɗan Sofo:
Hajiya yafiya tana da mai ita, "exonération" ke nan, inda aka ce kar ka biya sam. In muka ba wannan sunan, gobe mi za mu kira waccan?

Mai gurmi:
Ni ban yi lakwal ba amma tun muna yara in an dawo daga wasa baba ba ya yarda a taɓa kuɗin liƙi sai ya ce a fidda ɗawainiya tukuna, kuɗin mota, na mai janareto, na goron da aka saya a hanya, abin da ya saura shi ake rabawa. To ba shi ba ne kuke ta nema da Turancinku?

Mai sono, Zariya:
Kai baba Allah ya ja kwana! Fidda ɗawainiya. Wani ya turo mini "cire uwar kuɗi" ta WhatsApp amma uwar kuɗi jari ce, man motar da ya ƙone kuwa ba jari ba ne.

Akawu, Ali Ɗan Sofo:
Na yarda, sai dai a ƙara kalma guda, fidda ɗawainiyar sana'a, don wallahi in ka bar ta haka wani zai kawo maka cefanen gida da ragon layya ya ce ai duk ɗawainiya ce. Kuma ku rubuta da manyan baƙi cewa sai da faktir, takardar shaidar saye, mai lambar NIF, wato lambar mai biyan lampo, ta wanda ya sayar maka, maganar baki ba ta shiga lissafi, nan ne fa akasarin mutanenmu ke faɗuwa, wa ya taɓa karɓar faktir wurin mai jima? Sannan wanda ke biyan "impôt synthétique" irin na ƙananan masu sana'a, shi kuɗi ne a dunƙule, ba a bin ɗawainiyarsa ɗaya bayan ɗaya.

Zabiya:
To ankon 'yan rawata fa, da lallen da nake sa musu?

Akawu, Ali Ɗan Sofo:
Ankon da ba a sa shi sai a fagen wasa ana iya kare shi Hajiya, ki dai ajiye faktir ɗin tela. Lallen ne za a ja da ke.

Mai sono, Zariya:
Shi ke nan na gyara. Saura "amortissement", wato lissafin raguwar darajar kayan aiki, akawu kar ka gudu.