Musayar waƙa: ɗakin anatomi ya hana ni barci

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum yayyena da 'yan uwa. Ni aji biyu nike ga karatun likita, bana munka baro harabar jami'a ta Dundaye munka dawo wajen asibiti, kuma tunda anka shigar da mu ɗakin anatomi, inda aka yanka gawa don koyon sassan jiki, akwai abin da yat tsaya min a rai na kasa hwaɗa ma kowa har abokin ɗakina, shi na nis sa shi cikin waƙa, wanda ad da amsa don Allah shi taimaka min.

Da sunan Allah nika farawa,
Shi ka rayawa, Shi ka kashewa.

Na zo neman ilmin magani,
Sai ga ni tsaye bisa kan gawa.

An yaye zane, an miƙo aska,
Hannuna na ta kakkarwa.

Mun kewaye tebur mu da yawa,
Kowa jijiya shika dubawa.

Ni ko huskatai nika kallo,
Ɗan wa na? Babu mai amsawa.

Garinmu in mutum ya cika da hantsi,
Kamin la'asar an gama bisnewa.

A yi mai wanka, a sa likkahwani,
Liman gaba, sahu na jerawa.

Wanga ko ga shi nan kwance,
Ba mai kuka, ba mai gaisuwa.

Malam ya karantar da mu tun muna yara,
Ƙashin mamaci ba a karyawa.

Laihin ɗaya na da na mai rai,
To ni ina zan kai wagga damuwa?

Yayyena da kunka bi ta ɗakin ga,
Da mi kunka samu ƙarhin wucewa?

'Yar Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi na karanta sai da idona yay yi ruwa. Ni aji biyar nike, yanzu haka koyon aiki muka yi sashen yara, bari in ba ka amsa da abin da nag gani da idona.

Ƙanena na ji kukanka sarai,
Ni ma na bi ta wagga hanya.

Taho in kai ka ɗakin yara,
Watan Afrilu, zahi ba ƙarya.

An kawo yaro wuya ya ƙage,
Uwa na riƙe da shi bisa cinya.

Likita yac ce sanƙarau muka zato,
Sai an ɗebo ruwa daga baya.

Anka naɗe shi gwiwa ga ƙirji,
Ni ka riƙo don kada shi juya.

Yas sa yatsa bisa ƙashin ƙugu,
Yaj ja layi har tsakiya.

Nan na gaɓa ta huɗu, yac ce min,
Laka tun can sama tat tsaya.

Allura tash shiga, ruwa yaɗ ɗigo,
Dishi-dishi, ba garau ba ko ɗaya.

Kamin magariba an soma magani,
Uwa na addu'a tana tambaya.

Ranar sallama ya tashi da ƙahwa tai,
Sai dai ba shi ji da kunne ɗaya.

Wa yak koya ma likita wurin nan?
Wancan na kwance da kaka tausaya.

Ka ga ga babban mutum laka kan ƙare wajen gaɓa ta ɗaya zuwa ta biyu ta ƙashin baya na wajen ƙugu, ga jariri takan sauko ƙasa kaɗan, shi ya sa aka soka allura tsakanin ta uku da ta huɗu ko ta huɗu da ta biyar, in ka hau sama ka taɓa laka ka jawo ma ɗan mutane abin da bai zo da shi ba. Kuma mu nan sanƙarau ba baƙo na ba, iyayenmu na ba da labarin na 1996 har yau, na 2017 kuwa nau'in C da yab bugi Zamfara da Sakkwato mun gan shi da wayonmu. Alhamdulillahi 2024 Najeriya ta ƙasa ta hwarko da tas soma rigakahin da ka tare nau'i biyar lokaci guda, amma dai dut bazara in zahi ya haura digiri 40 sai an kawo su.

Malam na Ƙofar Marke:
Ɗana Allah shi yi maka albarka. Ni ba likita na ba, malamin makaranta na, amma ɗiyata na bisa hanyar da kaka bi shi ya sa nika leƙowa. Hadisin da kaj jawo na nan ba ka yi kure ba, sai dai malamai ba su bar maganar nan haka ba, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta zauna Makka cikin 1987 kan wanga batu, ga abin da sunka tsayar.

Malamai sun zauna sun ɗauko batun,
Sun bi shi da hujja da nazari.

Sun ce in don koyon magani na,
Ya halatta, amma bisa tsari.

A tsaya iyakar abin buƙata,
Ba wasa, ba wuce gona da iri.

Wanda anka sani sai da izni nai,
Ko na magada tun da hwari.

Mace a bar ta hannun mata,
Sai in babu su, a yi uzuri.

In an ƙare a tara dut gaɓoɓi,
A kai su a sa cikin kabari.

Riƙe hadisinka ɗana, kar ka sake shi,
Shi ka hana hannunka gaggawa da sauri.

Kuma kar ka ɗauka neman magani baƙon abu na ga garin ga. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ke kwance Wurno tun 1837, dut da ɗawainiyar mulki da yaƙi sai da yaz zauna yay yi rubuce-rubuce kan ciwo da magani har da na basur. In ka shiga ɗakin ka yi bisimilla, ka rufe abin da ba shi kaka karatu ba, ka yi shiru in ba tambaya kaka yi ba.

Ɗan Mabera:
Na gode Baba, na gode Yaya, wallahi ban taɓa jin zancen zaman Makka ba sai yau kuma ya sauke min rabin kayan. Rabin da yar rage shi na wanga, da kunya nika hwaɗi.

Akwai waɗansu cikin ajinmu,
Waya a hannu suna ɗaukawa.

Su tsaya kusa da shi su yi hoto,
Ana dariya ana turawa.

In na yi magana a ce ban saba ba,
Ni ko ba ni son irin wagga sabawa.

Bagobirin Sabon Birni:
To nan nika son in shigo. Ni aji shida, mu na korona ta 2020 da yajin aikin malamai na wata 8 cikin 2022 sunka riƙe, karatun shekara 6 yat tasam ma 8, saboda haka na ga 'yan aji iri-iri. Yaya ta Runjin Sambo da Malam sun lallashe ka kuma daidai na, ni ba lallashi zan yi ba.

Ƙanena kar ka nemi abin shi bar ka,
Wagga damuwa ba ciwo ta ba.

Ranar da kash shiga kana hira,
Ka san zuciya ba lahiya ba.

Wanda yad ɗauki hoto da mamaci,
Mai rai ma bai tsira hannunai ba.

Ran nan an kawo muna yarinya,
Tun sati biyu ba ta taka ƙahwa ba.

Uwa tac ce shan inna na likita,
Da munka bincika, ba shi na ba.

Zazzaɓi tay yi anka kai ta kemis,
Mai yin allura bai san wuri ba.

Yas soka ƙasa-ƙasa tsakar mazaunai,
Bai san babbar jijiya na nan ba.

Wadda ka sauka daga ƙugu har tahin ƙahwa,
Kaurin yatsa, ba ƙarama ba.

Ni na gan ta cikin ɗakin da kaka ciki,
Na ɗaga ta da ƙarhe, ban manta ba.

Da mai kemis ya gan ta sau ɗai,
Da bai kai allura tai wurin ba.

Yarinyar na jan ƙahwa yatsu na sharar ƙasa, an dai ɗauki bahaya tata sau biyu an aika gwaji don ƙa'ida ta, dut yaro ƙasa ga shekara 15 da gaɓa tai tas saki kwatsam sai an yi haka saboda polio, sannan anka tura ta wajen masu gashin ƙashi. Ko za ta koma daidai, Allah kaɗai Yas sani, wasu na warwarewa wasu ko haka aka tahiya. Shi ya sa aka ce ku raba mazaunai gida huɗu ku soka na sama ta waje, jariri kuwa gehen cinya. Masu hoto kuma ka gaya ma shugaban aji, in bai yi komai ba ka tahi ga malamin da ka kula da ɗakin, wanga ba tsegumi na ba.

Anti Nas ta Arkilla:
Sannunku 'ya'yana likitocin gobe. Ni Hausar Zariya ce a bakina aure ya kawo ni, ku yi haƙuri da ita. Tunda ana maganar fuska ban iya yin shiru ba, ku da kuke Sakkwato kuna da abin da garuruwa da yawa ba su da shi, asibitin yara masu ciwon noma, ciwon nan mai cin fuska, da aka buɗe 1999, daga nesa ake kawo su, kuma sai Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Duk wanda bai taɓa zuwa ba ya je kafin ya gama.

Ciwon kan fara daga dasashi,
Ga yaron da ke ƙarancin abinci.

Ko wanda ƙyanda ta kayar ta tashi,
Cikin kwanaki ya huda kunci.

Ya ci leɓe, ya kai har ƙashi,
Wani ma ya tafi da hanci.

Da an zo da wuri da magani ya tare,
Abin da ke hanawa nisa ne da talauci.

Da yawa ba sa kaiwa asibiti,
Can ƙauye suke cikawa cikin ƙunci.

Wanda ya rayu yakan rufe fuska,
Ya bar makaranta, ya bar zumunci.

Likita kan ɗebo fata daga ƙirji,
Ya juyo ta sama wajen kunci.

Dole ya san jijiyar da ke ba ta jini,
In ya yanke ta aiki ya ɓaci.

Ba a allo kaɗai ake koyon wannan ba,
Sai a jikin da aka riƙe da mutunci.

Na ga yarinya budurwa da aka gama wa aiki na biyu ta karɓi madubi a hannun nas, ta daɗe tana kallo sannan ta tambaya yaushe za a buɗe mata baki ta ci tuwo, don muƙamuƙinta ya ɗaure tun tana ƙarama kunu kawai take sha ta gefen baki.

Na Tambuwal:
Ɗan Mabera ashe kai na, teburinmu na kusa da naku kuma ni ma abin na damuna ban san akwai mai jin yadda nika ji ba. Yayye ku ji yadda ranarmu take don ku sa mu addu'a.

Asuba mu tashi mu kama littahi,
Ƙarhe takwas muna aji a jere.

Bayan azahar ɗakin anatomi,
Fisiyoloji sai cikin dare.

Ƙashi 206 ga jikin babba,
Kowane da suna nai a ware.

Jijiyoyin kai 12 ga kowane gehe,
Awa karatun allo muka rera su tare.

Hura da nono ta abincin rana,
Warin maganin adana gawa ya ƙi shi ƙare.

Gida tuni likita suka ce min,
Inna ta aje takardun asibiti a ɗaure.

Jira taka in zo hutu in karanta mata,
Ni ko ban kai nan ba, sai in ce ta daure.

Babbar jarabawar likita na tahe,
Allah Ka sa mu haye ta tare.

Ɗan Mabera:
Amin Na Tambuwal, gobe ka jira ni ƙohwa mu shiga tare. Baba Malam sharaɗin nan na ƙarshe da kah hwaɗi shi yat tsaya min, ga abin da nay yi niyya.

Litinin zan iske malaminmu,
Da ladabi zan yi tambayawa.

In mun ƙare da bayin Allah nan,
Yaushe aka kai su ga bisnewa?

In an yarda ajinmu shi raka su,
Mu ɗauki makara muna karɓawa.

Wanda ba Musulmi ba cikin aji,
Shi ma shi taho, ba mai hanawa.

Zancen hoto kuma zan kai shi,
Ga shugaban aji kamin a tashi zantawa.

'Yar Runjin Sambo:
Ku rubuta shi a takarda ku sa hannu ku da yawa, ya hi ƙarhi bisa mutum ɗaya shi tahi da baki. In an sa rana ku hwaɗa muna, mu ma 'yan aji biyar akwai masu zuwa.

Bagobirin Sabon Birni:
Ni ma ku sa ni ciki. Kuma ku biyun nan Asabar bayan sallar asuba ku iske ni masallacin hostal da takarda da biro mai launi, mu zana jijiyoyin hammata tun daga gaɓar wuya ta biyar (C5) har gaɓar ƙirji ta hwarko (T1) kamin zahi shi taso, ku zo da dut wanda bai gane su ba.