Gaɓar kogi na zaftarewa, lambatu na kawo shara: ta ina za mu fara aikin gayya?

Ɗan Kabala:

Assalamu alaikum. Muna da ƙungiyar matasan unguwa a bakin kogin Kaduna, mu wajen 30. Akwai tsawon gaɓa kamar mita 300 a bayan gidajenmu da muke so mu ɗauki nauyinta. Damuwarmu biyu ce. Babban lambatun unguwa a nan yake zuba, kuma duk ledar fiya wata da robar lemo da famfas a wurin suke taruwa. Sannan gaɓar tana cinyewa duk damina, har ta kusa cin hanyar da masu lambu ke bi. Shawarar da muka yanke ita ce mu fita cikin Agusta mu kwashe sharar, mu jera buhunan yashi, mu dasa itacen turare saboda yana saurin girma. Masana, wannan tsarin ya yi? Me za mu tanada?

Malam Mai Aikin Ruwa:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa wannan niyya albarka. Amma don Allah ku janye maganar Agusta. Agusta da Satumba ne lokacin da kogin Kaduna ya fi cika, kuma ruwan da ke wucewa ta bayan gidajenku ba na saman Kaduna kaɗai ba ne, tun daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Ana iya wuni da rana ƙwal a cikin gari, kogi kuma ya ƙaru cikin dare saboda ruwan da aka yi a can sama. Gaɓar da ta sha ruwa kuma ba ta ɗaukar nauyin mutum 30. Kwasar shara ta fi kyau daga Fabrairu zuwa farkon Afrilu, ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito, kuma kun riga ruwan farko wanda shi ne ke wanke dattin rani gaba ɗaya ya kai kogi.

Kafin ku sayi ko da buhu ɗaya, ku je ku tsaya ku duba yadda gaɓar ke faɗuwa, domin maganin ya danganta da cutar. Idan wurinku yana bayan kwana ne, wato inda kogi ya lanƙwasa ruwa yana bugun gaɓa, za ku ga ta tsaya tsaye kamar bango, ƙasanta ya rarake, samanta ya yi rumfa. Wannan daga gindi ake cin ta. Duk abin da kuka dasa a sama tare da ƙasar zai rufta. Idan kuwa ƙananan kwazazzabai kuka gani suna gangarowa daga sama, to ruwan unguwa ne da na indararo ke yanka ta, wannan kuma ya fi sauƙi: a tattara ruwan a hanya ɗaya, a shimfiɗa duwatsu inda yake faɗawa.

Buhun yashi na ranar gaggawa ne. Buhun leda ba ya jure rana, cikin 'yan watanni zai ruɓe ya yage, yashin ya tafi, ledar kuma ta zama sabuwar shara a kogin da kuke son gyarawa. Abin da ke riƙe gindin gaɓa shi ne dutse. Ko dai a jibge manyan duwatsu, ko a yi kejin waya a cika shi. Kejin da aka saba yi mita 2 ne tsawo, mita 1 faɗi, mita 1 tsayi, da waya mai rufin da ba ta saurin tsatsa. Duwatsun su kasance tsakanin santimita 10 zuwa 20, lallai su fi ramin wayar girma. Da hannu ake jera su, ba juyewa ake yi daga baro ba, kuma in an cika kashi ɗaya cikin uku a ɗaure waya daga bango zuwa bango a ciki, in ba haka ba kejin zai yi tumbi. Keji guda irin wannan yana cin dutse wajen tan 3, saboda haka ku yi lissafin tifa tun da wuri.

Kuskure biyu ne ke kashe wannan aiki. Na farko, a ɗora keji a kan yashi haka nan. Ruwa zai tone ƙarƙashinsa ya kifa da shi. A haƙa aƙalla rabin mita a binne layin farko. Na biyu, a manta da bayansa. Ƙasa mai laushi tana bin tsakanin duwatsu ta zurare, sai ka ga rami ya buɗe a bayan keji alhali shi yana tsaye. A zuba tsakuwa kaurin taƙi guda tsakaninsa da ƙasar, ko a shimfiɗa yadin tace ƙasa da masu aikin titi ke sakawa. Kuma ƙarshen layin, musamman ɓangaren da ruwa ke fitowa, a cusa shi cikin gaɓa, kada ruwa ya samu hanyar zagayawa ta baya.

Ban ba ku shawarar katangar bulo da siminti ba. Ruwan da ke cikin ƙasa yana neman mafita idan kogi ya sauka, katangar da ba ta da ramukan fitar ruwa turo ta yake yi. Idan tsayin gaɓar ya wuce mita 3, ko akwai gida kusa da baki, aikin ya fi ƙarfin gayya, ku rubuta wa ma'aikatar muhalli ta jiha ta hannun mai unguwa da hakimi a turo injiniya.

Hajiya Mai Reno:

Ɗana, sannunku da ƙoƙari. Maganar turare a ajiye ta. Yana da saurin girma, gaskiya ne, amma yana da tsawo da nauyi, iska na kaɗa shi, kuma ran da ya faɗi a bakin gaɓa da ƙasa mai yawa yake tafiya. Ciyawa ma ba ta son fitowa a ƙarƙashinsa, alhali ciyawar ce kuke buƙata.

Ku nemi jema, wadda ake saƙa zana da ita. Saiwarta ba ta yaɗuwa gefe, ƙasa take nutsawa kai tsaye, tana iya kai mita 2 zuwa 3, ta ɗinke ƙasar kamar raga. In ta kafu, ko ruwa ya rufe ta na makonni tana farfaɗowa. Ana samun ta a fadamu, masu saƙar zana sun san inda take. Kada a tumɓuke tushe gaba ɗaya a inda aka samo, a raba a bar rabi.

Ga yadda ake dasa ta. A fara kwantar da gaɓar da diga da shebur, kowace mita 1 ta tsayi a ba ta mita 2 ta kwanciya. A raba tushen zuwa ƙananan rassa, kowanne da kara 2 ko 3. A datse ganyen ya rage kamar santimita 20, saiwar kuma santimita 10. A ja ɗan rami a kwance, yana bin tsawon gaɓa ba gangarowa ba, a jera su tazarar santimita 10 zuwa 15, a mayar da ƙasa a take da ƙafa sosai. A tazarar santimita 15, layin mita 100 yana cin rassa kusan 670. In za ku yi layi 3 a mita 300 ɗinku, kuna maganar 6,000. Shi ya sa nake ganin ku fara da mita 50 mafi muni, ku kuma ware ɗan fili ku yi renon iri, baɗi ku ciri naku.

Lokaci shi ne inda mutane ke faɗuwa. Layukan sama a dasa su ƙarshen Mayu zuwa Yuni, da ruwa ya zauna, don su samu wata 2 zuwa 3 kafin cikar kogi. Layin ƙasa, na kusa da ruwa, a bari sai Oktoba ko Nuwamba da kogi ya ja baya ƙasa na da danshi, a riƙa ban ruwa kullum na mako 2, daga nan sau 2 a mako. Wanda aka dasa a ƙasa cikin Yuli, ambaliya ce za ta kwashe shi kafin ya kama. Duk inda ya mutu a cike gurbin nan da nan, domin ruwa ƙofa ɗaya yake nema, kuma in ya samu ta ya fi yin ɓarna fiye da a ce babu layin. Jema ba ta son inuwa, kuma awaki da shanu suna cin sabon tohonta, sai a yi shingen ƙaya a watannin farko.

Itatuwa a can sama za a sa su, aƙalla mita 5 daga baki. Giyayya da malmo suna jure tsayuwar ruwa. Kanya da ɓaure da maɗaci su bi bayansu. Gora ma tana riƙe ƙasa, amma kada a haɗa ta wuri ɗaya da jema saboda inuwa. Rami rabin mita ta kowane gefe, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Kuma ku kira masu lambun nan tun ranar farko, su ke wurin kullum da injin ban ruwa. In kun dasa ba da saninsu ba, cikin rani za a share a shuka alayyafo.

Abu Hanifa, Unguwar Rimi:

Malam da Hajiya sun gama da gaɓa. Ni lambatun zan taɓa. Sharar da kuka kwashe yau, ruwan sama ɗaya zai dawo da irinta, sai an tare ta kafin ta faɗa kogi. A sa mai walda ya yi raga da rodi mai milimita 12 ko 16, tazarar yatsu 3 zuwa 4 tsakanin sanduna. Sandunan su tsaya a tsaye, a jingine ragar baya yadda manjagara za ta iya jawo shara sama. Kada ta kai bakin lambatu, a bar sarari a sama wanda ruwa zai haura in ta toshe. A dasa ƙafafunta cikin kankare, in ba haka ba kwana kaɗan za ta yi a wurin. Sharaɗi ɗaya: sai akwai mutum 2 da aka ɗora wa kwashe ta bayan kowane ruwa. Ragar da ba a kwashewa madatsa ce, cikin gidajen mutane za ta mayar da ruwa. Kuma ba a sa ta a bakin kwalbatin da ruwa ke shiga da ƙarfi inda yara ke wasa.

Ranar aiki, a shirya motar kwasa tun kafin a fara, ku nemi KEPA, wato hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, ko masu kwasar sharar yankinku su ba ku rana. Laka da sharar da aka tara a gefen lambatu aka tafi, komawa ciki take yi. Robar lemo da gwangwani da ƙarfe a ware wa 'yan jari bola, kuɗin ya shiga asusun safar hannu. Kada a cinna wa leda wuta, hayaƙinta guba ne, kuma wutar za ta cinye jemar Hajiya.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Ƙanina, a ƙara da wannan. Kowa da takalmin ruwa da safar hannu mai kauri, ba ta asibiti ba, saboda kwalba da allura da ƙusa. Wanda bai yi allurar tetanus ba cikin shekara 10 ya je ya yi kafin ranar. Mai ciwo a ƙafa kada ya shiga ruwa. Ruwan da ya kwanta a gefen kogi yana ɗauke da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Duk wanda ya ga jini a fitsari bayan makonni ya je asibiti, akwai maganinta. Tarin shara da ciyawa maɓoyar maciji ce, a fara motsa ta da manjagara kafin a sa hannu. In ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wurin da igiya, a hana hannun ko ƙafar da aka sara motsi a kai shi asibiti. Yara su tsaya a sama suna riƙe buhu. A tanadi ruwan sha da sabulu, a tashi kafin azahar, zafin Maris ba abin wasa ba ne.

Ɗan Kabala:

Mun gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. Wani lokaci ruwan lambatun kan fito baƙi da wari, har da maiƙo a sama. Raga ba za ta tare wannan ba.

Malam Mai Aikin Ruwa:

Ba za ta tare ba, wannan sai an bi shi zuwa tushe. Mutum 2 su bi lambatun da ƙafa cikin rani, lokacin da bai kamata a ga ruwa mai yawa a ciki ba, su rubuta kowane bututu da ke zuba. Maiƙo mai walƙiya galibi baƙin mai ne daga garejin kanikawa ko wurin wankin mota. Ja ko baƙi mai ƙarni da ƙudaje, jini da tumbi ne daga inda ake yanka. Toka-toka mai warin masai, shadda ce aka haɗa da lambatu. Na kanikawa ya fi saurin gyaruwa, domin baƙin mai yana da masu saye, durom guda kawai suke buƙata. Ku je da mai unguwa da shugaban ƙungiyarsu, kada matasa su je su kaɗai, rigima za ta zama.

In abin ya fi kama da na masana'anta, hujja za ku tara. Hoto daga wuri ɗaya, da kwanan wata da lokaci, na mako 4 a jere. Samfurin ruwa a kwalba mai tsabta ta lita 1, a ɗauraye ta sau 3 da ruwan wurin, a cika, a rufe, a rubuta wuri da lokaci, a sa cikin kula da ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji a ranar. Ku ɗebo guda 3: sama da inda lambatun ke zuba, a bakinsa, da ƙasa da shi, in ba haka ba za a ce muku dama can haka kogin yake. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan Mando, ku je ku tambayi yadda suke karɓar samfuri da abin da ake biya. Takardar koke kuma KEPA za ta je, da sa hannun mai unguwa, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.