Haƙƙin Falasɗinawa: 'yancin kai, cin gashin kai, ko me za mu ce?

1/ Malaman fassara da 'yan jarida, ku matso mu daidaita kan kalma ɗaya. Duk sanda wata ƙasa ta fitar da sanarwar goyon bayan Falasɗinawa, sai ka ga kalmar self-determination a ciki. A Hausa kuwa kowa da tasa: wannan ya ce 'yancin kai, wancan ya ce cin gashin kai, wani ma mulkin kai. Ukun nan ba ɗaya ba ne.

2/ Cin gashin kai shi ne wanda ya fi ba ni tsoro. Bayan yarjejeniyar Oslo ta 1993 tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa an kafa Hukumar Falasɗinawa a 1994, tana kula da makarantu da asibitoci da 'yan sanda a wasu garuruwa. An raba Yammacin Kogin Jordan gida uku, kuma yanki na uku, wanda ya kai wajen kashi 60 cikin 100, yana hannun Isra'ila gaba ɗaya. Iyakoki da sararin sama da harajin kayan da ke shigowa duk ba a hannun hukumar suke ba. To wannan ai shi ne cin gashin kai, ɗan abin da aka sammaka. In muka fassara kalmar da haka, mai sauraro zai ce ai an riga an ba su, me kuma suke nema?

3/ Mulkin kai ma haka. Jihar Arewa ta samu mulkin kai a 1959, amma Turawan Ingila ba su sauka ba sai 1 ga Oktoban 1960.

4/ 'Yancin kai ya fi kusa, shi ya sa aka fi jin sa a rediyo. Matsalarsa ita ce sakamako ne, alhali kalmar tana magana ne a kan wanda ke da ikon yanke hukunci. Misali na nan a ƙofar gidanmu. A Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ido a ƙuri'ar raba gardama a yankin Kamaru da ke ƙarƙashin Ingila. Arewacinsa ya zaɓi Najeriya, ya zama Lardin Sardauna. Kudancinsa ya bi Jamhuriyar Kamaru. Babu wanda ya zama ƙasa mai 'yancin kanta a cikinsu, amma an tambayi mutane, sun zaɓa. Ita ma Majalisar, a ƙuduri mai lamba 3236 na 1974, ta jera wa Falasɗinawa haƙƙoƙin biyu daban: wannan da muke nema wa suna, sannan 'yancin kai da ikon ƙasa. Da abu ɗaya ne da ba a rubuta sau biyu ba.

5/ Larabawa suna cewa haƙƙu taƙriril masir. Masir shi ne makoma. Daga nan na ɗauko tawa shawarar: haƙƙin zaɓar makoma.

6/ Na fifita haƙƙi a kan 'yanci da gangan. 'Yanci abu ne da ko kana da shi ko ba ka da shi. Haƙƙi kuwa naka ne ko da an danne, kamar gadon maraya a hannun wanda ya fi shi ƙarfi. Haka Kotun Duniya da ke Hague ta kalli lamarin a ra'ayin da ta bayar ranar 19 ga Yulin 2024, inda ta ce ci gaba da zaman Isra'ila a yankunan da ta mamaye ya saɓa wa doka, kuma yana tauye wannan haƙƙi.

7/ Na san wani zai ce makoma ai ta Allah ce, kuma kunnen Bahaushe in ya ji kalmar lahira yake tunawa. Gaskiya ne. Amma masir ɗin ma a Alƙur'ani take da wannan ma'ana, Larabawa ba su fasa amfani da ita a siyasa ba. Mu ma kullum muna cewa makomar ƙasa, makomar matasa, ba wanda ya taɓa kai ƙara wurin malam.

8/ Ga yadda za ta zauna a labari. A Satumban 2025 ƙasashe 142 suka amince da Sanarwar New York, wadda Faransa da Saudiyya suka jagoranta, mai neman a samu ƙasashe biyu, Isra'ila da Falasɗinu, ta hanyar tattaunawa. A watan ne kuma Birtaniya da Kanada da Ostireliya da Faransa suka amince da ƙasar Falasɗinu, abin da Najeriya da Nijar suka yi tun 1988. Sai mai karanta labarai ya ce: ƙasashen sun jaddada haƙƙin Falasɗinawa na zaɓar makomarsu. Ku faɗa da baki ku ji, ba ta sarƙe harshe.

9/ 'Yan'uwa na Nijar, ku da kuke fassarowa daga Faransanci, me gidajen rediyon Yamai da Damagaram suke cewa? In akwai wadda ta riga ta zauna a bakin mutane can, a kawo mu auna su.