Da gaske zaren gilashi na iya jin tsagewar gada?

Mai tifa, Maraɗi:
Assalamu alaikum jama'a. Shekara 16 ina jan tifa, yashi nake ɗebowa daga gulbi in kai wa magina. Damanar bara, bayan wani ruwan dare, na hau wata ƙaramar gada da cikakken lodi, sai na ji ƙugun motar ya ɗan nutsa ba kamar kullum ba. Na tsaya na leƙa ƙasa. Ruwa ya ƙwaƙule yashin gindin ginshiƙi ɗaya, rodi ya fito duk tsatsa, ga tsaga wadda ɗan yatsana ke shiga. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, don nan 'yan makaranta ke bi safe da yamma. Ɗana na jami'a ya ce akwai wata waya ta gilashi, irin ta intanet, da ake manna wa gada ta faɗi ciwonta tun ido bai gani ba. Masana, haka ne?

Injiniyan gine-gine:
Wa alaikumus salam, Baba. Ɗanka bai yi ƙarya ba. Zare ne na gilashi, kaurinsa mikiron 125, ya ɗan ɗara silin gashi. Haske ake turawa cikinsa. A wasu wurare na zaren ana yin ƙananan zane da leza, sunansu FBG, kowane zane yana maido da launi guda na hasken. In kankare ya miƙe, zaren zai miƙe tare da shi, launin da ke dawowa ya goce kaɗan, na'ura ta karanta. Ko kashi ɗaya cikin dubu na milimita ne a tsawon mita guda, tana ganewa. An gwada shi a gadar Tsing Ma ta Hon Kon. Ba ya tsatsa, tsawa ba ta rikita shi, tun da babu lantarki a ciki.

Sai dai zafinmu. A watan Afrilu da rana ke haura digiri 40, zaren na nuna canji ko ba a ɗora wa gadar komai ba. Dole a sa wani zaren a gefe, a sake ba a liƙe ba, yana auna zafi kaɗai, a debe lissafinsa. Kuma abin da ka gani, Baba, ya wuce tsaga. Zaizayar ƙasan ginshiƙi ce, ita ke kayar da gadojin da ke kan yashi, kuma ka san gulbinmu: wata da watanni a bushe, dare ɗaya ya taso daga wajen Jibiya da ƙarfinsa.

Mai haɗa waya:
Injiniya, bari in ƙara, aikina ke nan. Wayar intanet da muke binnewa, zarenta a sake yake cikin bututu mai maiƙo, da gangan, don kada ya ji ja. Na gada kuwa sai an liƙe shi a jikin kankare ko an ɗaure shi da rodi kafin zuba siminti. Zaren ba shi da tsada. Na'urar karatun ce mai cin kuɗi, tana son wuta ba yankewa da ɗaki marar ƙura. Sannan masu haƙa: sau nawa na kwana bakin hanya ina haɗa wayar da diga ta datse!

Mai tifa:
Allah ya saka da alheri. To ni yanzu me zan yi kafin ruwa ya sauko?

Injiniyan gine-gine:
Ka ɗauki hoton ƙasan ginshiƙin da tsagar, ka ɗora tsinken ashana a kai don a ga girmanta. Ka shafa siririn siminti ya ƙetare tsagar, ka rubuta kwanan wata a gefe. In ya tsage, tana ƙaruwa ke nan. Ka kai hotunan ofishin magajin gari da takarda, mai unguwa ya sa hannu. Kuma don Allah, Baba, ku daina ɗibar yashi kusa da ginshiƙan, kai da abokan aikinka, kar kuma ka ƙara hawa da cikakken lodi sai an duba.