Zan je ganin Goggo a Kumasi, yara kuma Akra suke so, ya zan raba kwana 12?

Abban Yara:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san Gana. Ina da goggo a Kumasi, yayar babanmu ce, tun tana budurwa aka kai ta aure can Aboabo cikin dangin kakanmu da fataucin goro ya zaunar da su, ni ban taɓa ganin ta ido da ido ba sai dai a waya, kuma yanzu girma ya kama ta sosai, duk sanda muka gaisa sai ta ce yaushe za ka kawo min jikokina in gan su kafin ta Allah ta kasance. Maganar nan na tsaya min a rai wlh. To bana na samu hutun kwana 12 a Disamba, zan tafi da uwargida da yara biyu daga Kano. Su kuma yaran ba su da zance sai Akra da teku, ni ma gaskiya ina so in ga garin. Ya zan raba kwanakin? Mota ko jirgi? Wasu takardu ake nema?

Hajiya Mai Atamfa:
Wa'alaikumus salam, Allah Ya ba da ladan zumunci. Ba ruwanka da biza, ƙasar ECOWAS ce, fasfo kawai, amma kar ka yi wasa da katin rigakafin shawara, wannan rawayan katin, kowa da nasa har yaran. Ni na sha bin hanyar mota saboda sari, Legas zuwa Seme, ka ratsa Kwatano, ka shiga Togo ka wuce Lome sai Aflao, boda uku ke nan kuma kowace sai an sauka an duba takardu. Akwai tafiyar da muka yi awa huɗu a ɗaya daga cikinsu saboda mutum ɗaya a motarmu bai da katin nan, ga rana ga yara na kuka. Da iyali kam in aljihu zai ɗauka ka hau jirgi daga Legas ko Abuja, daga Legas wajen awa ɗaya ne. Ka sayi tikiti da wuri don Disamba Akra cika take da baƙi, otal da komai tashi yake. Kuɗinsu sidi ne, ka canza kaɗan kafin ka fita filin jirgi.

Ɗan Nima:
Yaya sannu da zuwa tun kafin ka iso! Ni a unguwar Nima ta Akra aka haife ni. Ka ba Akra kwana huɗu ya isa. Ka fara da Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka taimaka aka gina aka buɗe a 2021, in ka hango ƙubbobinsa da dogayen hasumiyoyin nan sai ka ɗauka Istanbul kake. Daga nan Nima da Maamobi kusa ne, Hausa za ka ji ta ko'ina, sai dai kar Hajiyarka ta yi mamaki in ta ji an ce mata "ya zo", mu nan mace da namiji duk "ya" ne a bakin yawancinmu. Da safe ku nemi koko da ƙosai, su kansu 'yan Gana Hausa koko suke ce masa, da rana kuma waakye, wake da shinkafa ne dai namu amma da karan dawa ake dafawa ya yi ja, a zuba shito, wato miyar yajinsu, da taliya da ƙwai a ganye, hmm. Sai kasuwar Makola, kabarin Nkrumah, dandalin Black Star, yara kuma a kai su bakin tekun Labadi amma a riƙe hannunsu, igiyar ruwan nan ba wasa. In da sauran kwana ɗaya ku je Elmina ku ga ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi, ni ranar da na shiga ɗakunan ƙasan nan ban iya cin abinci ba.

Umman Sadiƙ:
Ɗan Nima ya faɗi gaskiya amma ni ban yarda a fara da Akra ba. Abban Yara kana sauka ka wuce Kumasi, ko bas daga tashar Circle da ke Akra, awa biyar zuwa shida in hanya ta yi kyau, ko ƙaramin jirgi da bai kai awa ba. Na yi wannan kuskuren da kawuna, muka tsaya yawon gari muka isa gare shi a gajiye saura kwana biyu mu juyo, yana ta kiran mutanen unguwa su zo su gan mu mu kuma muna ta haɗa kaya, bai ƙara shekara ba ya rasu, har yau abin na cina. Ka ba Goggo kwana bakwai cur. Kuma ba kwana bakwai na fita tun safe a dawo da isha ba, ka zauna kan tabarmarta ka tambaye ta sunayen kakanni da yadda suka bi ta Salaga ko ta ina suka bi, ka ɗauki muryarta a waya. Za a yi ta kai ku gaisuwa gida-gida, kar ka ƙi ko ɗaya, kuma ka yi tsaraba mai yawa a ƙananan ƙulli, kilishi, turare, hula, yajin daddawa, don kowane gida sai ka ajiye wani abu. Kumasin ma ai birni ne, samarin gidan za su kai ku Kejetia, kasuwar da in ba da ɗan gari ba sai ka ɓata, da gidan tarihi na fadar Manhyia ta sarkin Asante.

Abban Yara:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Umma maganarki ta shige ni, Kumasi za mu fara, bakwai can huɗu Akra ɗaya na hanya. Na kira Goggo ɗazu na gaya mata, ta yi ta kuka tana sa albarka, ta ce in taho mata da kuka da daddawar Kano. Hajiya, katin rigakafin kwana nawa kafin tafiya ya kamata a yi wa yaran?

Hajiya Mai Atamfa:
Aƙalla kwana 10 kafin ku tashi, kafin nan ba ya aiki. Ku je tun watan Nuwamba a huta.